Tun ina yarinya ake ce min mai shiririta

Daga wata 'yar'uwa a Gusau:
Assalamu alaikum, don Allah a ɓoye sunana. Ina da aure da yara uku. Sai in ɗora tukunya in manta har ta kama, in fara wanki in koma shara, ranar zubin adashi ta wuce ban sani ba. Maigida ya ce raini ne, surukata ta ce a yi min ruƙiyya. Har biki na daina zuwa saboda gori. Na ji ana maganar ADHD, wai lalurar kasa tattara hankali wuri ɗaya da yawan ƙiriniya. Babba ma yana samunsa?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Yana samu, sai dai ba a girma yake farawa ba. Likita zai bincika ko alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun haura wata 6, kuma ba a gida kaɗai suke ba. Mata kan daɗe ba a gano su ba, domin ba su cika ƙiriniya ba, hankalin ne ke tafiya. Ki fara da asibitin tarayya na Gusau (FMC), ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Na san sunan Kware na firgita mutane, amma wannan ba hauka ba ne. Ki tafi da Inna ko yayarki, su za su faɗi yadda kike a yarinta. A duba ƙarancin jini, ciwon damuwa da rashin barci, duk suna kawo mantuwa irin wannan.

Mai haɗa magunguna, Kaura Namoda:
Cikin magungunan ADHD, methylphenidate galibi da safe ake sha, yana rage cin abinci, yana iya hana barci da ɗaga hawan jini, shi ya sa ake awo kafin a fara. Atomoxetine kuwa sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, a nan mutane ke gajiya su watsar. In kina da ciki ko goyo, ki faɗa tun farko. Kada wani mai kemis ya haɗa miki komai.

Wata Hajiya:
'Yata, kanki ba ya riƙe lokaci, to ki fito da shi waje. Kina ɗora girki ki saita ƙararrawar waya minti 10, ki ajiye wayar kusa da murhu, ba a ɗaki ba. In tana hannunki za ki kashe ki ce "bari in gama wannan", shi ke nan. Aiki uku kacal a takarda, kowanne ki ɗaura shi da salla: zubi bayan Azahar, wanki bayan La'asar. Ranar ganin likita ki lallaɓa maigida ya raka ki, ya ji da kunnensa.