Firigo, firji ko masanyayi: me zan rubuta a ƙofar Inna?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai takarda guda da nake son liƙa wa Inna a jikin ƙofar firigonta, yau kwana uku ke nan layin farko ya hana ni wucewa. Ku taya ni nema.

Bayan sallar layyar da ta wuce, ƙanwata ta kawo cinyar rago gidanmu na unguwar Bagalam a Maraɗi, ta miƙa wa yarinyar da ke taya Inna aiki, ta ce mata "sa a firigo". Yarinya ta buɗe babbar ƙofa ta ƙasa ta ajiye, kamar yadda aka ce mata. Sai bayan mako guda aka tuna da naman, ga ɗauke wuta da aka yi ta yi a tsakani. Zubar da shi aka yi. Ƙanwata tana nufin sama, wurin ƙanƙara. Da na zauna na duba, ban ga mai laifi a cikinsu ba. Kalma ɗaya muke kiran wurare biyu da ita, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Ɓangaren ƙasa sanyinsa wajen digiri 4 ne, ɗanyen nama ƴan kwanaki kawai yake yi a ciki. Na sama yana sauka har digiri 18 ƙasa da sifiri, nama ya yi watanni. Littafin da ya zo da na'urar ya bayyana wannan da Faransanci da Turanci da Larabci. Inna kuwa Hausar boko take karantawa, tun karatun yaƙi da jahilci da ta yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta mata da kaina.

Sunan na'urar kanta shi ne tambaya ta farko. Nan Maraɗi firigo muke cewa, da yawanmu ma hirigo, yadda muke cewa hita da hili. Kana wuce Ɗan Isa ka shiga Jibiya, ya koma firji ko firiji. Namu daga Faransanci ya zo, nasu daga Turanci, kuma dukansu jikokin wata kalmar Latin ce mai nufin sanyi. Tsofaffi na cewa firijidar, wanda asalinsa sunan kamfanin Amurka ne, Frigidaire, ya rikiɗe ya zama sunan kayan, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo a bakinmu. A rediyo kuwa "na'urar sanyaya abinci" ake ji. Daidai ne, amma ban taɓa jin uwa ta aiki ɗa da wannan dogon suna ba, kuma ya bar ruwan sha a waje, ya bar allurar masu ciwon sukari da ake ajiyewa a ciki.

Ga abin da na zo da shi. Hausa na da hanyarta ta raɗa wa kayan aiki suna: mabuɗi, madubi, magirbi, masassabi. Tana da ta wurare: makaranta, mahauta, majema, marina. To daga sanyaya mu ce masanyayi, daga daskare mu ce madaskara. "Ɗauko ruwa a masanyayi." "Kai naman madaskara." Ku gwada a bakinku ku faɗa mini.

Na dawo, na gode da amsoshi, sun fi yadda na zata yawa.

Wani malamin makaranta daga Tasawa ya ce masanyayi a rubuce yana iya zama mutum mai sanyayawa, kamar maƙeri ko manomi, sai a baki karin sauti ke raba su. Gaskiyarka Malam, ko da yake ba na jin wani zai ruɗe a tsakar gida. Ƙorafinsa na biyu ya fi kama ni: gaɓa huɗu ce, firigo uku, firji biyu, kuma baki gajere yake bi. Ya kuma tuna mana cewa tun 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, don haka irin wannan aiki zai yi ta zuwa, gara mu koyi bambanta kalmar da ke bukatar canji da wadda ta riga ta zauna. Na yarda. Mota da keke da lemo ba wanda ke neman musanya su.

Mutum uku sun kawo akwatin sanyi. Wannan sunan ya fi dacewa da kula, wadda ake zuba wa ƙanƙara a yi tallar soɓo da lamurje a tasha. A bar mata shi.

Wanda ya ce randar zamani ya taɓa mini zuciya, don da ruwan randa na girma, kuma har yau ban sha wanda ya kai shi daɗi ba. Sai dai sunan zai koya wa mutane kuskure. Randa tana sanyi ne saboda tana tsatsar ruwa, iska ta kwashe damshin ta tafi da zafi. Shi ya sa take son jiƙaƙƙen yashi a gindinta. Firigo kuwa damshi a gindinsa tsatsa ne, ga haɗarin jan wuta. Kuma sunan yana da mai shi: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ita ce randar zamani ta gaskiya, ba ta cin wuta, tana riƙe tumatir da yalo kwanaki.

Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara a unguwar Zariya ta nan Maraɗi ta ce su ba su da wannan matsala, babban mai kwance konjelato suke ce masa, ƴan Katsina su ce firiza, a gida kuma "sama" da "ƙasa" sun ishe su. Hajiya, sun ishe ki don naki irin na da ne. Yawancin sababbin da na gani a babbar kasuwa wurin ƙanƙararsu a ƙasa yake, da aljihuna. Ranar da kika canza, ko kika aiki yaro gidan maƙwabta, "sa a sama" ya zama akasin nufinki. Kuma konjelato sunan wata na'ura ce daban mai zaman kanta, ba a kiran ƙaramin ɗakin da ke jikin firigo da shi. Wannan ɗakin shi ne maras suna, shi ya ci mana cinyar rago.

Amsar da ta fi tsayar da ni ta wani mai gyaran firigo ce, dattijo, wanda ya turo saƙon murya mai tsawo. Ya ce ku bar wahalar da kanku da sunan akwatin, ku sama wa kayan cikinsa suna, don a nan mutane ke asara. Na saurara sau biyu, na rubuta abin da na iya.

Baƙin tulun ƙarfen nan na baya da ke gurnani, su kwamfuresa suke ce masa, mu a gida inji. Inji ya isa. Akwai mai a cikinsa, kuma idan an kwantar da firigo a amalanke ko a bayan adaidaita, man yana gangarawa cikin bututu. In an sauke sai a tsayar da shi aƙalla awa huɗu kafin a jona, in a kwance ya zo gara ya kwana. Haka in an ɗauke wuta aka maido nan take, a jira kamar minti biyar, don injin ba ya iya tashi da nauyin iskar da ba ta lafa ba. Ya ce da yawan injinan da ya canza a watannin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, daga Agustan 2023, abin da ya kashe su ke nan: wuta ta zo ta koma, ko ta zo ba ƙarfi. Na'urar an yi ta ne don bolt 220, shi ya sa regilatar ke da amfani, abin da ƴan Najeriya ke ce wa sitabilaiza. Ni madaidaicin wuta na rubuta. A ba firigo soket nasa shi kaɗai mai wayar ƙasa, kada a haɗa shi da dutsen guga a doguwar waya ɗaya.

Ƙarafan baya masu kama da raga, ragar baya ya kira su, kuma ban ga abin gyarawa a sunan ba. Ta nan zafi ke fita. Firigo ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin cikin ne yake kwasowa ya zubar a waje. Wanda ya gane wannan ba sai an ce masa ya bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango ba, ko ya nisanta shi da murhu da hasken rana, ko ya kakkaɓe ƙurar hunturu daga ragar bayan ya cire wuta. Robar ƙofa ita ma sunanta ya zauna. Gwajinta: ka rufe ƙofa a kan takardar jika guda ka ja, in ta zare ba tirjiya, robar ta saki, sanyi na zuba, inji na aiki ba hutu.

Sai maganar gas, wato iskar da ke zagayawa cikin bututun firigo, inda muryarsa ta canza. Ya roƙe ni in rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a kankare ƙanƙara da wuƙa. Bututun da iskar ke bi suna manne da bangon wurin ƙanƙarar, siraran gaske, tsinin wuƙa ɗaya ya huda su. Wani ya ba da shawarar mu ce iskar sanyi maimakon gas, don kada a haɗa shi da na girki. Da farko na so, yanzu na ƙi. Tsohuwar iskar, R12, an daina ta ne bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarta ga sararin sama. Sababbin firigo da yawa R600a ke cikinsu, ɗan uwan gas ɗin tukunyar girki ne, kuma yana kamawa da wuta. Iskar sanyi suna ne mai kwantar da hankali, gas kuwa kowace mace ta san ba a kusantarsa da ashana. A bar shi gas. In bututu ya huje, a buɗe taga, kada a kunna ko a kashe komai, a kira mai gyara. Hanyar cire ƙanƙara kuma ita ce a cire wuta, a bar ƙofa buɗe, a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki ta narke da kanta.

Wani abu kuma da ya faɗa ban taɓa jin sa ba sam. A jikin ƴar takardar da ke liƙe a ciki ko a baya, akwai harafi da ke nuna iyakar zafin garin da na'urar za ta iya jurewa. N da SN digiri 32, ST digiri 38, T digiri 43. Yawancin tsofaffin firigon da ake kwasowa daga Turai ta Kwatano da Lome N ne ko SN, an ƙera su don garuruwan da 32 babban zafi ne. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Ashe wannan na cikin dalilan da firigo ke rasa sanyi da bazara, a yi ta ƙara masa gas a banza. Fassarar sunan wannan harafi kai tsaye daga Turanci za ta ba mu ajin yanayi, wanda ba ya ce wa mai saye komai. Na fi son harafin zafi, don abin da za ka duƙa ka nema ke nan a shago: "Maigida, mene ne harafin zafinsa?" In ba T ba ne, ko aƙalla ST, ka san abin da kake saye.

Ya kuma ce in tuna wa masu mataccen firigo a tsakar gida su cire masa ƙofa, saboda yara masu wasan ɓuya. A Amurka sai da aka yi doka a 1956 cewa dole ƙofar ta buɗu daga ciki, bayan yara sun mutu a irin haka.

Jiya da dare na kai wa Inna takardar, da sunayen biyu a sama. Ta karanta a hankali da yatsa. Da ta zo madaskara ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗaga kai ta dubi ƙaramar ƙofar, ta ce "inda abu ke daskarewa kamar man shanu da ɗari". Masanyayi kuwa ta maimaita sau biyu, ta ce in goge in sa firigo, kada baƙo ya zo ya rasa abin da ake nufi. Na goge. Yanzu kan takardar yana cewa firigo ɗaki biyu ne, wurin sanyi da madaskara. Ɗanyen naman da zai wuce kwana biyu madaskara za shi. In an ɗauke wuta a bar ƙofa rufe, wurin sanyi na riƙe abinci kamar awa huɗu, madaskara in ta cika har kwana biyu. Ƴan uwa na Katsina da Kano ku sa firji a gurbin firigo, sauran ya zauna yadda yake.

Layi ɗaya ya rage ban cike ba. Ɗan abin murɗawar nan na ciki mai lamba 1 zuwa 5, wani har 7, wanda Inna ta ɗauka digiri ne, take mayar da shi 1 don ya fi sanyi, alhali a yawancinsu babbar lamba ce ta fi sanyi. Na rubuta mamurɗin sanyi da fensir. Mutanen Damagaram da Tawa, me masu gyaranku ke ce masa?