Neman shawara: ta yaya zan gane shekarun atamfofin da ke jikin mayafin kakata?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a dagule. Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata, ta rasu bayan ƙaramar salla. A hannunta na tashi tun da aka yaye ni, lokacin Baba yana aiki a Jos. Da suka dawo Zariya ma na ƙi komawa wajensu, har sai da Baffa ya sa baki aka ƙyale ni, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji. Da aka buɗe adakarta an tarar da wani mayafi mai kauri, gabansa yankakkun atamfofi ne aka harhaɗa, bayansa gwado na saƙi. Ta sha ce mini nawa ne, kuma ragowar zannuwan aurenta ne tun kafin a ba da mulkin kai. Yanzu Gwaggo ta tsaya kai da fata wai ragowar atamfofin lefenta ne na zamanin Shagari, ajiya ta ba Iya. Jumma'a za ta zo ɗauka. Don Allah akwai yadda ake gane shekarun atamfa?

Alhaji Na-Kwari: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Iya. Na tsufa a harkar atamfa, wannan ba abu ne mai wuya ba. Nemi ƙyallen da aka yanko da gefensa, a nan kamfani ke buga suna. In kin ga Guaranteed Dutch Wax, Holan ce ta kamfanin Vlisco. In an rubuta Super Wax, to ba a yi ta kafin 1973 ba, don a shekarar aka fara supa. In kin ga UNTL, ta Kaduna ce, kuma sai 1964 aka kafa masaƙar. Ko ɗaya daga biyun nan kika gani, maganar kafin 1960 ta faɗi. Farke bayan ki duba.

Maman Sadik: Amin Baba Alhaji, na gode. Amma ba zan iya farkewa ba, ɗinkin hannunta ne. Kuma Iya ba ta ƙarya.

Alhaji Na-Kwari: Wa ya ce ta yi ƙarya? Tsufa ne, shekaru kan cuɗe wa mutum. Wace shekara aka yi mata auren ma? Ba ki faɗa ba.

Ummu Hanan: Ke dai ki gode Allah kin ga mayafin da idonki. Mu ko sadakar bakwai ba a yi ba matar yayanmu ta kira dillaliya ta kwashe adakar mahaifiyarmu, har da tsamiya da saƙi mai alharini da ta gada wajen tata uwar. Kuɗin ko buhun shinkafa bai saya ba. Har yau in na tuna sai na yi kuka. Ki ɗauke shi ki kai gidanki tun kafin Jumma'ar.

Tela Mai Keke: Hajiya, kada ki dogara da zanen furen. Vlisco na sake buga tsofaffin zane-zanensu shekara da shekaru, sai ki ga fure ɗaya a jikin kaka da jika. Abin dubawa shi ne ƙyallen da ya fi kowanne sabunta, don ba a gama ɗinkin ba sai bayan an saye shi. Zari silin zare ɗaya daga inda ya fara zarewa ki kai wa ashana. Auduga takan ci da wuta ta bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule baƙi ƙirin. Ki juya gwadon kuma: in ƙwarya-ƙwarya ne sirara aka haɗa, zaren wani wuri kauri wani wuri siriri, kaɗin mazari ne, wannan kam zai iya girmar atamfofin nesa ba kusa ba.

Alhaji Na-Kwari: Malam tela, wa ke kai wuta kusa da kayan gado? Ido ya isa. Ta ainihi gaba da bayanta ɗaya ne, rinin ya ratsa, ga jijiyoyin nan sirara inda kakin ya tsage. Mai araha bayanta fari-fari ne. Atamfar roba kuwa sai da kayan Sin suka cika kasuwa muka san ta, ba ta shigo wannan zancen ba.

Ɗan Kakuri: Alhaji ka tayar mini da mikin zuciya. Mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa a wata masaƙa a nan Kakuri, aka rufe ta, ya rasu yana jiran haƙƙinsa. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar farko Kaduna ke tufatar da Arewa, yau yaranmu ko ƙarar injin saƙa ba su taɓa ji ba.

Maman Sadik: Allah Ya jiƙansa. Na duba da fitilar waya ba tare da na farke ba. Yawanci ɗinkin hannu ne, amma gefe ɗaya na keke ne. A wannan gefen akwai ƙyalle mai ruwan ƙasa da aka yanke rubutunsa, ana ganin TAC da lamba 7. Ina ga faci ne ta yi daga baya, don Iya ba ta yar da tsumma.

Alhaji Na-Kwari: Shi ke nan. FESTAC ke nan, bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya na 1977, aka yi bikin a Legas, aka yi hawan daba a Kaduna. Shagari ya hau a 1979. Maganar gwaggonki ta fi kusa.

Tela Mai Keke: A'a Alhaji, in faci ne gefen kaɗai ya ba wa shekara. Hajiya, ƙyallen a kan wani yake zaune, ko shi kaɗai ne a gurbinsa?

Malama Ta Islamiyya: Ni duk ina ga an bar jaki ana dukan taiki. Ko an tabbatar atamfar ta shekara ɗari ce, bai mayar da mayafin naki ba. Ta damƙa miki shi tana da rai, ko cewa kawai ta yi? Akwai wanda ya ji? In babu, kayan magada ne, ke kuma jika ce. Ku je wajen malami da mahaifinki. Shawarar a ɗauke a ɓoye kuwa kada ki bi, zumunci za ki ɓata.

Ummu Hanan: Malama, mu da muka tsaya jiran malami me muka samu?

Maman Sadik: Baba ya ce ba ruwansa, ba zai yi sa-in-sa da yayarsa a kan tsumma ba. Shaida kuma daga ni sai ita a ɗaki, wa zan kira? Ni ce na yi jinyarta, Gwaggo sai da salla take leƙowa. Ina tunanin in wanke shi ko sauran rubutun zai fito, don ya yi duhu sosai ga warin kafur.

Tela Mai Keke: Kada ki jiƙa shi! In gwadon rinin shuni ne zai iya zuba a kan atamfofin, tsohon zare kuma ya tsinke. Shanya shi a inuwa kawai.

Alhaji Na-Kwari: Atamfar kirki ba ta tsoron ruwa, wanke abinki da ruwan sanyi. Ki turo hoton gefen nan na keke yanzu, da na bayansa, ni zan gaya miki shekarar.