Hular kwano: lambar M na matse ni, L kuma tana rawa a kaina

Assalamu alaikum. Kullum ina hawa babur daga Kawo zuwa Kakuri wurin aiki, kuma yau mako uku ke nan ina neman hular kwano mai rufe haɓa ban dace ba. Na auna zagayen kaina da tef ɗin tela, ya ba ni santimita 58, wanda a jadawalin kamfanonin hular kwano LS2 da HJC ya faɗa a lambar M, wato matsakaiciya.

Ta farko da na saya a kasuwa, marar suna, M ce, amma kafin in kai Mando sai goshina ya ɗauki zugi, idan na cire ta kuma sai in ga jan shati ya kwanta a saman gira. Na mayar na karɓo L, ita kuwa da na ɗan ƙara gudu sai iska ta riƙa ɗaga ta, har gilashin yana taɓa mini hanci, ko da na ɗaure igiyar haɓa tamau. Abin da ya ƙara sa ni shakka shi ne tambarin DOT (shaidar inganci ta Amurka) da ke bayanta, wanda na kankare da farce ya fita, alhali na san sahihin tambarin ECE 22.06 (shaidar inganci ta Turai) a jikin igiya ake ɗinka shi. Mai shagon dai cewa ya yi soson cikin M ɗin zai saki da kansa, ni kuwa ban gamsu ba, domin ciwon a goshi yake, ba a kumatu ba. Masu sunan kuma kuɗinsu ya ninka na wannan nesa ba kusa ba, ba na son in sake asara.

Don Allah, wane samfuri ne ya dace da mai kai dogo daga goshi zuwa ƙeya irin nawa?