Yaro na gudawa ya ƙi abinci: me za a ba shi ya sha, me zai ci?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka. Yaro ne ɗan shekara ɗaya da rabi, yau kwana biyu yana gudawa, sau biyar ko shida a yini, babu jini. Yana kama nono amma ya ƙi abinci. Wasu sun ce a tsayar masa da abinci cikin ya huta, wasu sun ce haƙori ne a ƙyale shi, mai kyamis kuma ya ce a ba shi Flagyl. Wanne zan bi? Kuma idan babba ne, kulawar ɗaya ce?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam Maman Sadiƙ, Allah ya ba shi lafiya. Abin da ke kayar da yaro a gudawa shi ne ruwa da gishirin jiki da suke zubewa, don haka aikinki na farko mayar da su. Ki sayi ORS, wato garin gishiri da siga na leda da ake haɗawa da ruwa, da ƙwayar zink, yanzu har haɗe ake sayar da su a kwali ɗaya. Ki duba bayan ledar ki ga yawan ruwan da aka rubuta. Yawanci lita ɗaya ne, wato fiya wata biyu masu santilita 50. Ki juye garin gaba ɗaya, kada ki raba shi biyu da ido, domin gishirin da sigan ba za su rabu daidai ba. Ki rufe, abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Idan dare ne babu inda za a samu, a haɗa na gida: ruwa lita ɗaya da aka tafasa ya huce, siga cokalin shayi shida, gishiri rabin cokalin shayi. A shafe bakin cokalin da bayan wuƙa kada ya yi tudu. Ki ɗanɗana kafin ki ba shi, in gishirin ya fi na hawaye ki zubar ki sake. A nan ake yawan kuskure, wata ta zuba gishiri da cokalin cin abinci, gishiri mai yawa kuwa yana iya sa yaro jijjiga. Dalilin haɗa su biyun shi ne hanji ba ya tsotse gishiri da sauri sai da siga tare, idan sun shiga sai ruwa ya bi su. Da irin wannan haɗin ne likita Dilip Mahalanabis ya yi wa 'yan gudun hijirar Bangladesh jinyar kwalara a Indiya a 1971, lokacin da ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Na gida dai na wucin gadi ne, babu sinadarin fotasiyam da jiki ke buƙata a cikinsa, gari na wayewa a nemo na leda.

Awon: ƙasa da shekara biyu, mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, kamar kwata zuwa rabin kofin shayi. Shekara 2 zuwa 10, mililita 100 zuwa 200. Babba ya sha iya yadda ƙishi ya nema. Da cokali ake ba ƙaramin yaro, cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu, ba ɗura ba, ba kuma a fida ba.

Zink kuma miligiram 20 kullum tsawon kwana 10 zuwa 14, ga wanda bai kai wata shida ba miligiram 10. A narka ƙwayar a cokali da ɗan nono ko ruwa. Ko gudawar ta tsaya a kwana na uku a ƙarasa, don yana gyara bangon hanji, yana kuma rage dawowarta a watanni biyu zuwa uku masu zuwa.

Abu Hafsat:
Ni kan abinci zan tsaya. Hajiya, maganar a bar ciki ya huta ba ta da tushe, ita ce ma ke kai yara ga tamowa. Ko ana cikin gudawa hanji yana karɓar mafi yawan abin da aka ci, kuma da abincin yake warkewa. Nono a ƙara, ba a rage ba. Sauran abinci a ba shi kaɗan-kaɗan, sau shida a yini, ko cokali uku ya karɓa an ci riba.

Koko ko kunun gero mai kauri, ba tsararo ba, domin tsararon kunu cika ciki yake yi babu ƙarfi a cikinsa. A zuba cokalin shayi ɗaya na man gyaɗa a kowane kwano. Shinkafa da aka dafa ta yi luguf, faten dankali, dafaffen ƙwai, kifi ko naman kaza da aka dagargaza, romo mara yaji. Nunanniyar ayaba a murƙushe masa, ita ke mayar da fotasiyam, wanda rashinsa ke sa jiki ya saki, ciki ya kumbura. Ruwan da aka tsame daga dafaffiyar shinkafa da ɗan gishiri ma yana da kyau tsakanin abinci.

A ajiye kunun tsamiya da na kanwa tukuna, dukansu suna sakin ciki. Haka soye-soye irin su ƙosai da awara, da yaji. Idan kin lura madarar gwangwani na ƙara masa gudawa da ƙugin ciki, hanjin ne ya rasa ƙarfin narkar da sigan madara na ɗan lokaci, sai ki rage ta ki gauraya da kunu, ko ki maye ta da kindirmon da aka dafa madararsa kafin a kwantar. Bayan ya warke a ƙara masa abinci sau ɗaya a kan na kullum har mako biyu, don naman da ya zube ya dawo. Babba ma haka, sai dai ya bar kofi da shayi mai siga da yawa.

Maman Sadiƙ:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na haɗa na ba shi rabin kofi sai ya amayar. In canza zuwa lemon kwalba? Shi yana so.

Anti Nas:
A'a 'yar'uwa, kada ki ba shi. Siga a lemon kwalba da maltina ya ninka na ORS sau da yawa, gishiri kuma kusan babu, sai sigan ya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji gudawar ta ƙaru. Aman daga saurin bayarwa ne. Ki jira minti goma, ki koma cokali ɗaya kowane minti biyu ko uku. Ko yana amai, mafi yawan abin da ya sha yana zama.

Flagyl kuma ki bar shi. Yawancin gudawar yara mai ruwa-ruwa ƙwayar bairos ce irin su rota, wadda maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, shi ya sa aka shigar da rigakafinta cikin na yau da kullum a Najeriya a 2022. Maganin tsayar da gudawa irin Imodium ba a ba ƙananan yara, babba ma ba ya sha idan akwai jini ko zazzaɓi. Batun haƙori, abin da ke faruwa shi ne a wannan shekarun yaro yana rarrafe yana kai komai baki. Ki tafasa ruwan shansa, a daina tsoma moɗa da hannu cikin randa, a wanke hannu da sabulu bayan an yi masa tsarki.

Ki kai shi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: idanu sun zurma, yana kuka babu hawaye, ya wuce awa shida bai yi fitsari ba, ya kasa sha ko yana amayar da komai, ya yi laƙwas ba ya kula kowa, ko akwai jini a kashin. Ki ɗan tsunkuli fatar cikinsa ki saki, in ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu kafin ta koma, jiki ya bushe sosai, ƙarin ruwa yake buƙata. Maɗiga idan ta lotsa ita ma alamar ƙarewar ruwa ce, shafa mata magani ba zai ɗago ta ba. Gudawa fara sal kamar ruwan wankin shinkafa kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba, tana iya kayar da ƙato cikin awanni, don haka a tafi ana ba shi ORS a hanya. Yaron da yake da tamowa ko kumburin ƙafa kuwa ba a yi masa a gida, nasa haɗin daban ne, a cibiyar lafiya ake ba shi. Tsoho, mai ciwon siga, mai ciwon ƙoda da mai shan maganin hawan jini su ga likita tun ranar farko, don wasu magungunansu sai an dakatar idan jiki na rasa ruwa. In kuma yaron naki ya cika kwana uku babu sauƙi, ki kai shi a duba ko da bai nuna ko ɗaya ba.