Awa uku a ɗakin ajiya: mai gadin kanti yana da ikon tsare mutum?

Daga zauren WhatsApp na 'yan unguwa a Birni, Damagaram, daren Alhamis.

Hajiya Inna: Assalamu alaikum, ku gafarce ni da dare. Yau da la'asar na aiki ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 17, wani babban kanti ya sayo mini madara da sabulu. Ya biya, zai fita, mai gadi ya tare shi, wai an ga ya ɗauki kwalbar turare. Suka shigar da shi ɗakin ajiya, suka ja ƙofa, suka zazzage aljihunsa, ba su ga komai ba. Turaren a kan wata kanta aka tsince shi. Yaron ya ce shinshinawa ya yi ya ajiye, su kuma suka ce da ya hango su ne ya yar. Awa uku yana ciki. Da ubansa ya je aka ce ya ba da jika goma a kashe magana, ya ƙi, sai bayan magariba suka sake shi. Wai don Allah suna da wannan ikon?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba su da shi ko na minti ɗaya. Mai gadi ba ɗan sanda ba ne, ba jandarma ba ne. Riga ce kamfani ya ɗinka masa, ya miƙa masa kulki. Ko hannun mutum ba shi da ikon riƙewa.

Alhaji Mai Kanti: To me ya sa nake biyan nawa duk ƙarshen wata? Ya ga mutum ya cusa kayana cikin riga, sai ya buɗe masa ƙofa ya ce a sauka lafiya? Ɗan Zango, ranar da ka buɗe ko teburin ashana ne, ka dawo mu yi maganar.

Ɗan Zango: Ya kira 'yan sanda mana, Alhaji.

Alhaji Mai Kanti: Kafin su iso ɓarawo ya hau kabu-kabu ya kai Mirriya.

Lauyan Gobe: Yaya Ɗan Zango, a nan kam Alhaji ya fi ka gaskiya. Dokar bin bahasin laifuka da muke aiki da ita ta samo asali ne tun 1961, kuma daga ta Faransa aka kwaso tsarinta. A ta Faransa sashe na 73 ne: idan aka kama mutum dumu-dumu yana aikata laifin da hukuncinsa ɗauri ne, kowa yana da ikon cafke shi ya kai shi gaban jami'in binciken laifi mafi kusa, wanda muke ce wa OPJ. Haka ka'idar take a namu. Kowa fa. Mai gadi, mai shayi, ni, kai. Sata kuwa laifin ɗauri ce.

Alhaji Mai Kanti: Allah ya yi maka albarka ɗana, ya sa ka gama jami'ar nan lafiya.

Lauyan Gobe: Amin Kawu, amma ban gama ba. Ikon nasa bai wuce na mai shayin ba ko da taku ɗaya. Dokar ta ce ka kama, ka kai. Ba ta ce ka kama ka ajiye ba, ba ta ce ka yi masa tambayoyi ba, ba ta ce ka yanka masa tara ba. Kuma dokar hukunta laifuka tana ɗaure wanda ya tsare mutum ko ya kulle shi ba da umarnin hukuma ba, in ba a inda doka ta yarda a kama ba.

Ɗan Zango: To ai maganata ke nan!

Lauyan Gobe: A'a Yaya, kai cewa ka yi ko hannu ba zai riƙe ba.

Baba Jandarma: Na karanta duka. Hajiya, ki amsa mini abu ɗaya: a cikin awa ukun nan, akwai wanda ya ɗaga waya ya kira komisariya?

Hajiya Inna: Babu, Baba. Uban yaron kaɗai suka kira.

Baba Jandarma: To nan gizo yake saƙa. Lokacin da nake aiki, in muka tsare mutum don bincike, awa 48 doka ta ba mu. In muna son ƙari sai da izinin mai gabatar da ƙara. Akwai littafi, a rubuta sunansa, a rubuta awar da ya shiga, a rubuta dalili, kuma ana iya zuwa a duba mu. Mu ke nan da muka yi rantsuwar aiki. Shi ɗakin ajiyar kanti wane littafi gare shi? Wa ke duba shi? In yaron ya suma a ciki, wa zai ce ga awar da aka sa shi? Mutanen da masu kaya suka riƙo suka kawo mana ba su ƙirguwa, ba mu taɓa ce wa mai kaya don me ka kama shi ba. Abin da muke tambaya shi ne, yaushe ka kama shi, me ya hana ka zuwa tun ɗazu.

Malam na Masallaci: Ni inda na tsaya daban ne. Kayan ba a jikinsa aka samu ba. Hadisi ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ina hujjar? Wanda ya ɗauki abu ya duba ya ajiye, mai saye ne. Hausawa ma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Lauyan Gobe: Allah ya gafarta Malam, boko ma nan ya dosa. Dumu-dumu a doka shi ne ana cikin aikatawa, ko yanzu aka gama, ko jim kaɗan bayan haka jama'a suka biyo mutum da ihu, ko aka same shi da kayan. A ganina yaron da bai fita da komai ba, da wuya a ce ya shiga ko ɗaya.

Alhaji Mai Kanti: Ba ku san yaran yanzu ba. Akwai masu ɗauka su sa a aljihu, da sun ga an ƙura musu ido sai su zare su jefa bayan kwali. Ban ce ɗan Hajiya haka yake ba, tun yana rarrafe na san shi. Amma mai gadin bai san shi ba.

Kuma bari in faɗi abin da kuke kaucewa. Kuna ta cewa a kai komisariya, a kai komisariya. Wane uba ne a zauren nan ya fi son a saka ɗansa a mota a gaban jama'a a kan a kira shi a gefe? Mu 'yan kasuwa muna rufe yaro mu kira babbansa don a rufa asiri. Sannan ranar Alhamis irin ta yau, da Kasuwar Dole take cike, ka ce "ɓarawo" sau ɗaya ka ga abin da zai biyo baya. Na taɓa tura wani yaro cikin shagona na ja ƙyaure, ba don in hukunta shi ba. Da na bar shi a waje da sai dai a ɗauke shi a kwance.

Baba Jandarma: Wannan na yarda da kai, Alhaji, na ga irinsa da idona. Ka ja ƙyaure don kada a kashe shi, hannunka ɗaya kuma yana kan waya kana kiran hukuma, ba alƙalin da zai ga laifinka. Maganar rufin asiri kuma, rufin asirin da ake yi wa farashi sunansa daban. Kana riƙe da ɗan mutum kana cewa kawo jika goma. Turaren yana kan kantarka, me ka yi asara?

Alhaji Mai Kanti: Kuɗin kam ban kare su ba.

Ɗan Kano: Ina gaida manya daga nan. Ku da kantunanku ba su wuce ƙofa ɗaya ba kuke wannan rigima, ina ga irin Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014, masu gadi ko'ina. Amma dokar kusan ɗaya ce. A Najeriya dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, sashe na 20, ta ba kowane mutum ikon kama wanda ya yi laifi a gabansa, sashe na 23 kuma ya ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Kamfanonin gadi masu zaman kansu kuma ba a yarda su riƙe bindiga ba.

Ɗan Zango: To lalube fa? Wa ya ba su ikon sa hannu a aljihunsa?

Lauyan Gobe: A Faransa an rubuta shi ƙarara: mai gadi yana iya leƙa jakarka da ido, amma sa hannu a ciki sai da yardarka. In ka ƙi, ya hana ka shiga kantin, ko in yana ganin ka saci abu ya jira hukuma. Kuma yaron da ƙarti biyu suka rufe wa ƙofa, ko ya ce "to", ni ban kira wannan yarda ba.

Ɗan Zango: Hajiya, gobe da safe ku shigar da ƙara. Sai an ɗaure ɗaya sauran za su shiga taitayinsu.

Hajiya Inna: Uban ya ce ba ya son zarya. Yaron ma tun da ya dawo bai fito daga ɗaki ba, ko tuwo bai ci ba. In aka kai maganar can, gobe duk makarantarsu an ji an kama shi a kanti, ba wanda zai tsaya tambayar an samu kayan ko ba a samu ba.

Alhaji Mai Kanti: Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan.

Ɗan Zango: Su ma sun san haka, Alhaji. Shi ya sa suke neman jika goman.

Baba Jandarma: Hajiya, gobe bayan an sauko Juma'a zan biyo in ɗauki uban, mu je mu ga mai kantin kansa. In suna da kamara ya nuna mana. In ba ta nuna komai ba, shi da mai gadinsa su taka har gida su ba yaron haƙuri a gaban iyayensa. In ya ƙi, na san hanyar komisariya.

Alhaji Mai Kanti: Ku biyo ta shagona mu tafi tare, maganar ɗan kasuwa ta fi shiga kunnen ɗan kasuwa. Amma Baba, in kamarar ta nuna hannunsa ya shiga aljihu fa?

Baba Jandarma: Sai mu ja kunnen yaro a gida. Awa ukun da jika goman kuma har yanzu suna wuyansu.

Hajiya Inna: Allah ya saka da alheri, Baba. In kun je ku karɓo mini madarar da sabulun, ya biya kuɗinsu, ledar tana can.