Sabon fad a kan tsohon dis: asara ce ko dabara?

Mai Corolla: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na canza fad ɗin birkin gaba da kaina a ƙofar gida, da jak da sifana kawai. Maƙwabcina ya tsaya a kaina yana cewa duk wanda ya sa sabon fad bai canza dis ba, wato faifan ƙarfen da fad ke matsewa in an taka birki, kuɗinsa ya zubar. Ni dai ban yarda ba.

Direban Kano zuwa Kaduna: Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka ya fi ka gaskiya, Malam. Tsohon dis ya riga ya yi zane-zane, sabon fad kuwa sumul yake. Kafin su saba da juna birki ba ya kamawa sosai, ga ƙara. Ni tare nake canza su in huta.

Bakanike: Oga direba, ka yi haƙuri, kai kullum kana kan hanya da lodi, dis ɗinka yana shan wuta. Ba kowa ne haka ba. Dis awo gare shi. Ka goge tsatsar jikinsa, za ka ga an buga MIN TH da lamba, wato iyakar siririntar da aka yarda ya kai. A Corolla ta 2003 zuwa 2008, sabon dis na gaba milimita 25 ne, iyakarsa 23. In bai kai nan ba, fuskarsa ba rami mai zurfi, sitiyari ba ya rawa in ka taka birki, to bar shi ya ci gaba da aiki.

Mai Corolla: Gaskiya ban auna ba, farce na bi da shi na ji lafiya lau.

Bakanike: Farce ba ma'auni ba ne, ranka ya daɗe. Kuma bakin dis yana yin leɓe inda fad ba ya taɓawa. In ka auna a kan leɓen zai nuna maka kaurin da babu shi. A tsakiyar fuskar ake aunawa, wuri uku ko huɗu.

Baba Alhaji: Ku yaran nan kuna ta jayayya a kan dis, ni "jak kawai" ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. Jak na ɗaga mota ne, ba na riƙe ta ba. Ko tayar da ka cire ka tura ƙarƙashin motar? Kalifar kuma, ƙarfen nan da ke matse fad a jikin dis, ina ka ajiye ta, ko a tiyon man birki ka bar ta tana lilo?

Mai Corolla: Da waya na ɗaure ta, Baba. Tayar ce dai ban tura ba.

Malamar firamare: Ƙanena ya taɓa yin wannan aikin. Ya tura fistin da ke danna fad ciki, ya ɗaura komai, ya manta bai tattaka birki don fistin ya dawo wurinsa ba kafin ya ja motar. Yana yin ribas feda ta tafi ƙasa, sai da ƙofar gidanmu ta tare shi. Har yau ba ta rufuwa daidai.

Direban Kano zuwa Kaduna: Kun ji ko? Shi ya sa gareji ya fi. Kuma milimita 2 har nawa take? Kafin sabon fad ya ƙare, dis ya wuce iyakar, ka sake kwance taya.

Bakanike: Nan kam ka kawo magana. In awon ya nuna 23 da ɗan ɗoriya, ni ma cewa zan yi a canza, kuma hagu da dama tare, ba ɗaya ba. In kuma na Beljiyam za ka ɗauko a Ƙofar Ruwa, tafi da ma'auni, kada ka sayo wanda ya fi naka cinyewa.

Mai Corolla: To, gobe bayan La'asar zan shigo garejinka a auna. Direba, in ya haura 24, shayi a wuyanka.

Direban Kano zuwa Kaduna: Sai na ga hoton awon da idona.