Malam-buɗe-littafi mai jela: me ya bambanta na Legas da na ƙetare?

Mai Lambu, Agege:
Assalamu alaikum. Akwai wani babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗige-ɗigen rawaya da yake yawan sauka a bishiyar lemun tsamin gidanmu, tsutsotsinsa kuma suna cinye sababbin ganyaye. An ce mini yana cikin dangin masu jela a fiffiken baya, amma shi ba shi da jela ko kaɗan, alhali na Turai da na gani a hoto yana da ita. Shin danginsu ɗaya ne?

Malamin Kimiyya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. Danginsu ɗaya ne, wato Papilionidae, wanda ya ƙunshi nau'i sama da 550 a kowace nahiya ban da Antatika. Bisa siffar da ka bayar, naka Papilio demodocus ne, kuma shi da ɗan'uwansa na Asiya, Papilio demoleus, duk ba su da jela. A ganina abincin tsutsa ya fi jela muhimmanci wajen bambanta su: namu ganyen lemu yake ci, shi kuwa Papilio machaon na Turai ya fi son dangin karas, kuma a Ingila ba ya hayayyafa sai a fadamun Norfolk. Na ƙasashen sanyi suna shafe hunturu a cikin kwanson da tsutsar ke rikiɗa, amma a Legas, da yake babu irin wannan sanyin, ana iya ganin tsutsa kusan duk shekara.

Hajiya Mai Furanni, Obalende:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai batun jelar bai kamata a wuce shi da sauri ba. Papilio dardanus na nan Afirka namijinsa yana da jela, amma a yawancin wurare macen ba ta da ita, domin tana kwaikwayon kamannin wasu nau'o'i masu guba don tsuntsaye su ƙyale ta. A Madagaska kuwa macen tana kama da namijin, har da jelar.

Malamin Kimiyya, Idi-Araba:
Gaskiya ne, Hajiya. Akwai kuma bambancin girma, domin Papilio antimachus na dazuzzukan Yammaci da Tsakiyar Afirka yakan kai santimita 23 idan ya buɗe fukafukai, mafi girma a duniya kuwa yana Papua New Guinea. Malam Mai Lambu, idan bishiyar ta girma, ɓarnar ba ta kai a yi feshi ba. Ƙananan tsutsotsin suna kama da kashin tsuntsu, ana iya tsince su da hannu daga ƙananan dashe.